An ninka mini kaya, kuskure ya yi mini yawa a aikin kai saƙo

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ina aikin kai saƙo a kan babur a wani kamfani, shekara ta uku ke nan. A da ina kai kaya 15 zuwa 20 a rana ba wata matsala. Tun da aka rage ma'aikata aka mayar da mu 30, wata rana har da ɗoriya. Ina fita bakwai na safe in dawo tara na dare, kwana shida a mako. Cikin wata biyu na ba mutum biyu kayan da ba nasu ba, sau ɗaya na manta ban karɓi kuɗi ba aka cire a albashina, kuma saura ƙiris in shiga ƙarƙashin mota ina duba taswira a waya. Makina a manhaja ya sauka, oga ya ce in na sake zai sallame ni. In na kwanta adireshi ne ke yawo a kaina, barci ba ya zuwa sai wajen ɗaya na dare. Na zama mai tsawa a gida, matata ta ce na canza. Wani abokin aiki ya ce in riƙa shan ƙwaya in wartsake. Ƙwaƙwalwata ce ta fara lalacewa, ko sakaci ne kamar yadda oga yake faɗa? In ajiye aikin?

Wani mai kai saƙo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ƙara tsarewa. Daga bayaninka ban ga alamar lalacewar ƙwaƙwalwa ba, ban kuma ga sakaci ba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana aiki lafiya lau, kuskure bai fara ba sai bayan an ninka masa kaya an tsawaita masa yini, to kafin a taɓa halinsa sai an fara duba abin da aka ɗora masa.

Mutane suna ɗaukar aikinku a matsayin aikin jiki: hau babur, sauke kaya. Amma duba abin da kanka yake riƙewa cikin minti ɗaya. Kana lura da mota a gaba da ta baya, kana tuna kwanar da za ka sha, kana lissafin mintunan da suka rage, kana tuna wane kwali ne na wa, waya tana ƙara, ga maganar da kwastoman baya ya yaɓa maka tana ci maka rai. Sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da mutum yake aiki da shi a yanzu-yanzu ƙarami ne ƙwarai. A 1956 masanin halayyar ɗan'adam George Miller ya kimanta shi da abu bakwai, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya nuna cewa ya fi kusa da huɗu. Haka yake ga kowa, da mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba. In na biyar ya shigo, ɗaya zai fita, kuma ba ya sallama in zai fita. Sai ka isa gida ka tarar babu shi.

Mantuwar kuɗin nan ma tana da dalili sananne. A ranka babban aikin shi ne miƙa kaya. Da zarar kaya ya bar hannunka, ƙwaƙwalwa ta rufe babin wannan gidan ta tafi gida na gaba, duk matakin da ya rage a baya yana cikin haɗarin faɗuwa. Wannan ne ya sa na'urorin cirar kuɗi da yawa suke fara turo wa mutum katinsa kafin su ba shi kuɗi, domin an ga in kuɗi ya fara fitowa mutane suna tafiya su bar kati. Kai ma juya tsarin za ka yi: kuɗi ya fara shiga jakarka, shaidar karɓa ta biyo baya, kaya shi ne na ƙarshe da zai bar hannunka. Ko kwastoma ya miƙo hannu, ka yi murmushi ka ce bari mu fara gama lissafi.

Kafin mu shiga sauran dabaru, ga lissafin da ba na so ka tsallake. Awa 14 sau kwana shida, awa 84 ke nan a mako. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919 ta tsayar wa ma'aikatan masana'antu awa 48 ne. A 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da rahoto cewa masu aikin awa 55 zuwa sama a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Sannan wanda ya yi barci ƙarfe ɗaya ya tashi shida, awa biyar ya samu, alhali baligi yana buƙatar aƙalla bakwai. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, an taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida na tsawon mako biyu, sai hankalinsu ya yi ta raguwa kullum har ya kai na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, su kuwa suna jin kamar sun saba. Nan ne mugun wurin: mai bashin barci ba ya iya auna kansa. Duk dabarar da zan ba ka za ta rage kuskure, amma babu wadda za ta maye gurbin awa biyun da kake rasawa kowane dare.

Yanzu waya, wadda ita ce ta kusa kai ka ƙarƙashin mota. A gudun kilomita 40 cikin awa, babur yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Kallon taswira na daƙiƙa uku mita 33 ne ka yi ido a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sa abin saurare a kunne bai rage wannan sosai ba, domin hirar ce take ɗauke hankali, ba riƙon wayar kaɗai ba. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Dokarka daga yau ita ce ba ka taɓa waya sai ƙafarka tana ƙasa, a gefen hanya. Kafin ka tashi daga kowane gida ka duba taswira sau ɗaya, ka riƙe kwanar farko da ta biyu da za ka sha kawai, sauran ka bar wa muryar taswira ta faɗa maka. Ka kafe wayar a kan babur a inda ido zai iya kaiwa ba tare da ka sunkuya ba, ka kashe sanarwar duk wata manhaja da ba ta aiki ba ce. Wanda ya kira kana tafe, ya jira ka tsaya. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai, har maki ya ɗan taɓu. Maki ana gyara shi a wata mai zuwa.

Inda za ka fi samun sauƙi shi ne minti 15 na farkon safiya, lokacin da kanka yake wasai. Yawancin masu kai saƙo suna jibga kaya a akwati su tashi da sauri, sannan su biya bashin wannan saurin a kowace ƙofa, suna tono suna karanta ƙananan rubutu cikin rana. Kai ka zauna ka kasa kayan unguwa-unguwa, ka tsara wanda za ka fara da wanda za ka ƙare. Ka manna farin tef a kan kowane kwali, ka rubuta abu uku da alƙalami mai kaurin baki: lambar jerinsa, lambobi huɗu na ƙarshen wayar mai shi, da adadin kuɗi in akwai karɓa, ka zagaye kuɗin da da'ira don ido ya kama shi ko ba ka nema ba. Wanda za a kai ƙarshe shi ne zai fara shiga akwati, na farko yana sama. In kwali biyu sun yi kama, ko sunaye biyu sun yi kusa, ka raba su gefe da gefe ka yi wa ɗaya alamar gicciye, domin kusan kullum musanya a irin waɗannan take faruwa. Ka kwafi jerin a takarda ka sa a aljihun gaba, ko da waya ta mutu ko intanet ya ɗauke ba ka tsaya ba. Manufar duk wannan ɗaya ce: abin da tef da takarda za su iya riƙewa, kada ka ɗora wa kanka. Kanka na hanya ne.

A wannan zaman dai ka tura wa masu kaya goma na farko saƙo iri ɗaya: kayanku yana hanya tsakanin ƙarfe kaza da kaza, ku turo alamar wuri a taswira da wani abu da zan gane gidan da shi. Goma na biyu ka tura musu lokacin hutunka. Sannan ka riƙa kiran mutum tun kana ƙofar wanda ya gabace shi, ba sai ka isa tasa ba, don ya fito kafin ka ƙaraso. In ka isa bai ɗauka ba, kira biyu, jiran minti biyar, saƙo a rubuce, ka shigar a manhaja ka wuce, matuƙar dokar kamfaninku ta ba da dama. In babu doka a kan haka, ka nemi a tsayar da ita, domin yanke wannan hukunci sau goma a rana shi kansa kaya ne.

A bakin ƙofa kada ka ce wa mutum "kai ne wane?" Wanda yake sauri ko bai ji da kyau ba e kawai zai ce. Ka tambaye shi sunan da ke kan kayan da ƙarshen lambar wayarsa, shi ya faɗa, kai ka sa yatsa a kan tef ka karanta a fili. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan sun daɗe suna yin haka, su nuna alama da yatsa su faɗi abin da suka gani da baki, saboda ido kaɗai yana iya ganin abin da yake tsammani maimakon abin da ke gabansa. Za ka ji wani iri a kwana biyun farko, daga nan ya zame maka jiki. In aka katse ka a tsakiya, waya ta yi ƙara ko wani ya yi maka magana, ka koma farko, kada ka ɗora daga inda kake zaton ka tsaya. Kuɗin kamfani ya samu jakarsa daban da aljihunka. In turawa aka yi, sai ka ga sun shigo, hoton shaida ba kuɗi ba ne. Ka haɗa lissafi sau biyu, da rana da kuma kafin ka tashi, domin giɓin da aka gano cikin gida 15 ya fi sauƙin bi a kan na gida 30.

Akwai jarabar da nake so ka yi wa lissafi da kanka, wato ƙara wuta don cike lokaci. Tafiyar kilomita biyar a gudun 40 minti bakwai da rabi ce, a gudun 50 minti shida. Minti ɗaya da rabi ka ci, kuma danja ɗaya za ta cinye shi. A ɗaya gefen, ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa a hanya da kusan kashi huɗu. Kamfanin Domino's a Amurka ya taɓa yin alkawarin kai abinci cikin minti 30, a 1993 ya janye shi bayan ƙararrakin da aka kai shi kan haɗurran direbobinsa. Lokacinka a neman gida da jiran kwastoma da tonon akwati yake zubewa, can za ka je ka tsinto shi.

Game da ƙwaya, abokinka ba mugunta yake nufi ba, abin da ya sani ya ba ka. Amma kada ka fara. Masu wartsakarwa suna ɓoye jin gajiya ne, ba sa biyan bashin barci, sai mutum ya ji ƙarfin hali ya ƙaru alhali gajiyar tana nan a jikinsa. Irin su tiramadol kuwa maganin ciwo ne mai sa jiri da gyangyaɗi, yana iya kawo farfaɗiya, kuma yana kama mutum ya kasa bari. Ko kofi da abin shan ƙarin kuzari sai da lissafi: rabin sinadarin caffeine da ke cikinsu yana nan a jiki bayan kusan awa biyar, wanda ka sha biyar na yamma yana cikin masu hana ka barci da tsakar dare. Ka tsayar da su daga ƙarfe biyu na rana. Abin da ya fi su aiki shi ne sauka daga babur minti goma bayan kowace awa biyu, a inuwa, hular kwano a cire, waya a aljihu, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana jiki yana yin sanyi da kansa, in ka samu wuri amintacce ka runtsa minti 15 zuwa 20, kada ya wuce haka don kada ka tashi da nauyin kai. Adireshin da ke yawo a kanka da dare kuwa ayyukan da ba a rufe ba ne. Kafin ka bar wurin aiki ka rubuta duk abin da ya rage da wanda za ka fara da shi gobe, ka ninke takardar ka sa a akwatin babur. Wayar aiki kada ta kwana kusa da kanka.

Sai oga. Ban yarda da shi ba da ya kira wannan sakaci, amma ka tuna shi ma akwai wanda yake tsaye a kansa da lambobi, kuma abin da yake gani a allonsa kuskure uku ne da maki mai sauka. Bai ga awa 84 ba, bai ga motar ba. In ka je masa da "na gaji", zai ce kowa ya gaji. Ka je masa da irin harshen da yake ji. Mako biyu ka riƙa rubuta yawan kayan kowace rana, lokacin fita da dawowa, awannin barci, da ƙarfe nawa aka yi duk wani kuskure ko aka kusa yi. Akwai ma'aunin nauyin aiki da masu bincike a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka fitar a 1988, yana duba abu shida: wahalar tunani, wahalar jiki, matsin lokaci, yadda aikin ya fito, ƙoƙarin da aka zuba, da takaici. Ba sai ka nemo takardarsu ba, kowane dare ka ba kowanne maki daga ɗaya zuwa goma. Ina kyautata zaton za ka ga kurakuranka sun taru a wuri ɗaya, bayan kaya na ashirin ko bayan awa ta goma, kuma wannan hujja ce da ba a kore ta da tsawa.

Ka same shi lokacin da ba a lodi, ka fara da amsa kurakuranka da nuna masa tsarin tef da takarda da ka ɗauka, sannan ka roƙi abu ƙayyadadde. Na farko, a bar ka a yanki ɗaya na tsawon lokaci, domin wanda ya san unguwa ba ya buƙatar taswira, rabin nauyin ya sauka ke nan. Na biyu, a bar ka ka tsara jerin gidajen da kanka. Tun 1979 wani mai bincike, Robert Karasek, ya nuna cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne mai yawan buƙata da ƙarancin iko a kan yadda za a yi shi, don haka ko ba a rage kaya ba, ƙarin iko sauƙi ne. Na uku, ofis ya daina kiranka kana hanya, su tura saƙo ka gani in ka tsaya. Na huɗu, shi ne mai wuya, a tsayar da iyakar kaya ko ta awanni. Ka tuna masa cewa kaya ɗaya da ya tafi gidan da ba nasa ba tafiya uku yake ci: a karɓo, a kai, a kuma ba da haƙuri. In abokan aikinka biyu ko uku sun yi irin wannan rubutu kuka je tare cikin ladabi, maganar ta tashi daga matsalar mutum ɗaya. Ka kuma karanta takardar ɗaukarka aiki da dokar ƙwadagon ƙasarku a kan awanni da cire kuɗi daga albashi, ka nemi duk abin da aka cire a ba ka a rubuce.

Matarka gaskiya ta faɗa, kuma faɗar tata kulawa ce. Ita tsawar take gani, ba ta ga yinin da ya haife ta ba. Ka ba ta haƙuri ba tare da kawo uzuri ba, sannan ka gaya mata abin da ake ciki, har da gargaɗin oga, domin gara ta ji daga bakinka yanzu da ta ji ranar da aka sallame ka. Ku yi yarjejeniya: in ka shigo a ba ka minti 20 ka yi wanka ka ci abinci kafin a kawo maganar kuɗi ko ta yara, kai kuma bayan nan ka saurara da gaske. Ranar hutunka ɗaya kada ka sayar da ita don ƙarin aiki.

Ko da yake na ce ban ga alamar cuta ba, daga wasiƙa nake magana. Ka je asibiti a duba idonka, hawan jini da sukari, don raunin gani kaɗai yana iya sa a karanta 3 a matsayin 8. In mantuwar tana bin ka har ranar hutu bayan ka yi barci ya ishe ka, ko kana munshari mai ƙarfi kana farkawa da sarƙewar numfashi, ko baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, ka faɗa wa likita su ɗaya bayan ɗaya.

Ajiye aiki kuwa, ba yanzu ba, kuma ba cikin fushi ba, tunda akwai baki a bayanka. Ka ba wannan tsari mako shida, kana yi kana tambayar wasu hanyoyi: sashen tantance kaya a ɗakin ajiya, teburin rarraba aiki inda sanin hanyarka zai yi amfani, ko wani kamfanin da awanninsa suka fi dama. In mako shida ya cika oga bai motsa ko a abu ɗaya ba, ka tafi da zarar ka samu madafa. Abu ɗaya ne ba zai jira mako shida ba: ranar da ka ji gyangyaɗi ya fizge ka a kan babur, ko ka isa wani wuri ba ka tuna yadda ka bi hanyar ba, ka faka nan take, ka kira ofis ka ce a ɗauki sauran kayan, ko da kuwa za a cire maka kuɗin ranar.